Wake a Gida, Inji a Hannun Wani: Rabuwar LibreOffice da Java

Sana'ar ƙosai ba a bakin kasko take farawa ba. Tun kafin kiran assalatu mai ƙosai ta riga ta surfa wakenta, ta wanke shi tas ta zubar da ɓawo, ta yayyanka albasa da attarugu a kai, ta rufe bokiti da faranti. Itacen nata ne, man gyaɗan nata ne, kasko da ƙwaryar buga ƙullu duk nata ne, kuma babu wanda zai koya mata yadda ake bugun ƙullu har ya tashi. Abu ɗaya ne ba ta da iko da shi: injin markaɗe. Yana can bakin layi a shagon wani, sai mai shi ya farka ya ja igiya sannan sana'arta take motsi.

Yawancin ranaku ba wanda ke tuna wannan. Yarinya ta ɗauki bokiti ta tafi, ta dawo da ƙullu, shi ke nan. Sai ranar da ta dawo da waken yadda ta tafi da shi.

"Inna, Baba mai inji ya ce bel ya tsinke, wai sai gari ya waye an shiga kasuwa."

"To ruga wajen na bayan masallaci."

"Na biya ta can, Inna. Ya ce ba shi da mai."

Ga wuta ta kama, ga mai ya yi zafi, ga 'yan makaranta sun fara tsayawa da kuɗinsu a hannu, amma ƙosai babu. Ba ta yi sakaci da komai ba. Kuma da rana in ta ɗora shinkafa da wake ko ta soya dankali, ba ruwanta da inji. Ƙosai da alale da awara ne kaɗai suke tsayawa cik.

Wanda ya fahimci halin da matar nan take ciki ya fahimci wata matsala da masu haɗa manhajar LibreOffice suka fi shekara goma suna fama da ita. LibreOffice manhajar ofis ce ta kyauta, mai yin irin aikin Microsoft Office: Writer na buga takardu, Calc na lissafi, Impress na gabatar da jawabi, Draw na zane, Base na rumbun bayanai. Mutum zai sauke ta ya girka, ya shekara yana buga wasiƙu da jadawalin albashi lami lafiya. Ranar da ya buɗe Base zai haɗa rajistar ɗalibai ko ta kayan shago, sai wani ɗan akwati ya faɗo a fuskar kwamfuta ya ce wannan aiki ba zai yiwu ba sai da Java, je ka girka ta ka dawo. Shi kuwa a saninsa ya riga ya sauke komai.

Dalili shi ne kwamfuta ba ta jin yaren kowa sai nata. Mafi yawan LibreOffice, wadda rubutunta ya kai miliyoyin layuka, da yaren C++ aka yi ta, kuma abin da aka rubuta da C++ tun a hannun masu haɗawa ake juya shi gaba ɗaya zuwa yaren na'ura, ya iso maka a shirye. Java ba haka take ba. Ita a rabin hanya ake tsayar da juyin, a miƙo maka abin a haka, sai kana da wata manhaja ta daban zaune a kwamfutarka, wato injin Java, wadda za ta ƙarasa aikin a daidai lokacin da kake buƙatarsa. Jiƙaƙƙen wake ne aka ba ka a bokiti. Dabarar tana da amfaninta, domin bokiti ɗaya kowane inji zai karɓa: abin da aka rubuta sau ɗaya zai yi aiki a Windows da Mac da Linux ba tare da an sake shi ba. Amma in babu injin, ko yana nan bai dace ba, wake ya tashi a banza.

Ba wauta ce ta sa aka shiga wannan hali ba, kuma ya kamata a yi wa waɗanda suka fara adalci. A 1985 wani matashi Bajamushe, Marco Börries, ya kafa kamfanin Star Division, wanda ya yi StarOffice. A 1999 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saye shi, a 2000 kuma ya buɗe rubutun manhajar ga duniya da sunan OpenOffice.org. To, Sun ɗin nan shi ne mai Java. A cikin gidansa James Gosling da abokan aikinsa suka ƙirƙiro ta, aka fito da ita a 1995, kuma ita ce abin alfaharin kamfanin. Wato a lokacin mai ƙosai da mai inji gida ɗaya suke. Maigidanta ne ya kafa injin a zaure. Wace mace ce za ta durƙusa a kan dutsen niƙa alhali inji na ruri a zauren gidanta, ba ko sisi?

Saboda haka da ma'aikatan Sun suka tashi ƙara sababbin abubuwa, sai suka miƙa hannu ga abin da ke kusa. OpenOffice.org 2.0, wadda ta fito a Oktoban 2005, ta zo da Base, domin mutane sun daɗe suna neman kishiyar Microsoft Access. Maimakon a zauna a ƙera sabon ma'ajin bayanai daga tushe, sai aka ɗauko wani da ake da shi a shirye, HSQLDB, wanda gaba ɗayansa da Java aka rubuta. Haka mataimakan nan masu yi wa mutum jagora mataki-mataki wajen tsara wasiƙa ko faks ko ajandar taro. Haka wasu daga cikin sassan da ke buɗe fayiloli na wasu sigogi. Haka gadar da ke haɗa manhajar da na'urar karanta wa makafi rubutu a Windows. Daga baya binciken littafin taimako da sashen tsara rahoto su ma suka bi sahu. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai, shawara ce mai ma'ana: an sami aiki da wuri, da kuɗi kaɗan.

Rigima ta farko ba a kan wahalar mai amfani aka yi ta ba, a kan 'yanci aka yi. A wancan lokaci Java kyauta ake sauke ta, amma rubutunta a rufe yake a hannun Sun, kuma sharuɗɗan lasisinta sun hana masu rarraba Linux irin su Debian da Fedora haɗa ta cikin kayansu yadda suke so. Richard Stallman, wanda ya kafa gidauniyar manhajoji masu 'yanci, tun a 2004 ya yi rubutu yana gargaɗi a kan abin da ya kira tarkon Java: ka rubuta manhaja mai 'yanci, amma ba ta tashi sai da wadda ba ta da shi. Da aka ga yawan Javar da ke cikin 2.0, a 2005 maganar ta yi zafi har aka fara kiran a ɓalle a yi wani reshe. Aka sasanta a kan cewa duk abin da za a rubuta sai ya iya aiki da injunan Java masu 'yanci, irin GCJ na aikin GNU, kuma ma'aikatan Red Hat suka sha wahalar daidaita wannan. A Nuwamban 2006 Sun ya ba da sanarwar sakin Java a ƙarƙashin lasisin 'yanci na GPL, a 2007 aka fitar da mafi yawan rubutunta da sunan OpenJDK. Mutane da yawa suka ce magana ta mutu.

Ba ta mutu ba, domin gidan da injin duka sun canza hannu. A Janairun 2010 kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun a kan dala biliyan 7.4. A watan Agustan shekarar ya kai Google kotu a kan yadda aka yi amfani da Java a Android, shari'ar da ba ta ƙare ba sai 2021 a Kotun Ƙolin Amurka. Ranar 28 ga Satumban 2010 wasu daga cikin masu aikin OpenOffice.org suka ba da sanarwar kafa The Document Foundation, suka ɗauki rubutun suka buɗe sabon shafi da sunan LibreOffice. Fitowarsu ta farko, 3.3, ta zo a Janairun 2011. Mai ƙosai ta kwashe kayanta ta kama gidan kanta. Sai dai kullum asuba bokitinta na komawa tsohon zaure, kuma wanda ke zaune a bakin injin yanzu ba maigidanta ba ne.

A nan akwai abin da masu zafin kai kan tsallake. Tun da an riga an buɗe OpenJDK, Oracle ba shi kaɗai ke da inji a gari ba. Gidauniyar Eclipse tana fitar da nata mai suna Temurin, Amazon na da Corretto, Red Hat da Microsoft ma kowa na da nasa, kuma duk LibreOffice na karɓa. Amma wannan ilimin masana ne. Sakataren makaranta da aka ce masa ya je ya girka Java, intanet zai shiga ya rubuta sunan, shafin Oracle ne zai fara bayyana. Tun daga 2019 kuwa Oracle ya sauya sharuɗɗa, sabunta wasu nau'o'in Javarsa domin harkar kasuwanci ya koma na kuɗi, a Janairun 2023 kuma ya koma lissafin kuɗin bisa yawan ma'aikatan kamfani, ba yawan kwamfutocin da ke amfani da ita ba. Mutum ɗaya a ɗakinsa wannan bai dame shi ba. Amma hukuma irin gwamnatin jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda a 2024 ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice, dole ta san kowane abu da za ta girka a kansu, na wane ne, kuma wa zai iya kawo mata takardar biyan kuɗi gobe.

Ko an ajiye maganar kuɗi, hanyar zuwa inji tana da nata ƙayoyin. Sai an sake kashe data an sauke wani abu daban, abin da mai shagon buga takardu a Kano ko Damagaram ba zai ɗauka da wasa ba. Sai ya dace da tsarin manhajar: in LibreOffice ɗinka ta 64-bit ce ka girka Java ta 32-bit, za ta ce maka ba ta ga komai ba, alhali kai da idonka ka ga an girka. Sai an riƙa sabunta shi, kuma akwai lokacin da sunan Java ya ɓaci ƙwarai a kan tsaro. A 2012 wata muguwar manhaja mai suna Flashback ta bi ta wata ɓaraka a Java ta shiga kwamfutocin Mac kusan 600,000. A Janairun 2013 ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta shawarci jama'a su kashe Java a manhajojin shiga intanet. Gaskiya ne ɓarakar ta wannan ɓangaren ce, ba ta inda LibreOffice ke taɓawa ba, amma a lokacin in ka girka ɗaya ka girka duka. Wanda ya so tsara rajistar shago kawai, sai ya wayi gari ya buɗe wata ƙofa a bayan gidansa bai sani ba.

Sannan ga ɗaukar laifin wani. Duk mai kai markaɗe ta san wannan: wadda ta riga ki a layi barkono ta kawo, mai inji bai ɗauraye da kyau ba, ƙosanki ya fito da yajin da ba ki zuba ba. Mai saye bai san mai inji ba, ke ya sani. Haka duk lokacin da Java ta yi sabon salo, kamar yadda ta sauya tsarin lambobin fitowarta da jerin kayan cikinta a 2017, sai manhajojin da suka dogara da ita su kasa gane ta, ƙorafi kuwa ya sauka a kan masu LibreOffice. Su ne za su bar aikinsu su bi sawun abin da ba su suka canza ba.

To me ya hana a cire ta rana ɗaya a huta? Masu wannan tambaya sukan ɗauka Java wani ƙulli ne guda a gefe da za a sa almakashi a datse. Ba haka ba ne. Duk wani aiki da take yi, sai an zauna an sake rubuta shi da wani yare, ya yi daidai abin da tsohon yake yi, har da 'yan halayensa da mutane suka saba da su. Aiki ne da ba ya kawo yabo. Wanda ya yi wata shida yana sake rubuta mataimakin wasiƙa, in ya yi nasara, mai amfani ba zai ga wani canji ba sam; alamar nasarar ke nan. Samun mai sa kai ga irin wannan sai an tona.

Duk da haka an yi, sannu a hankali, daga mai sauƙi. A fitowar 3.4 ta 2011 aka sake rubuta sashen buɗe wani nau'in fayiloli da C++, ya kuma fi na da sauri nesa ba kusa ba. A 3.6 ta 2012 aka sauke Lucene, mai binciken littafin taimako, aka ɗora ɗan'uwansa CLucene da aka yi da C++. Mataimakan wasiƙa da faks wani ɗalibi ɗan Sifaniya, Xisco Faulí, ya fara mayar da su yaren Python a ƙarƙashin shirin Google na ɗaukar nauyin ɗalibai lokacin hutu, suka fito a 4.0 a Fabrairun 2013. Na ajanda ya biyo baya a 4.1. Wanda ya fi burge ni shi ne na makafi. Kafin 2014, makahon da ke son na'urar karatunsa ta karanta masa takarda a LibreOffice ta Windows sai ya girka Java, sannan ya kunna wata gada ta musamman, duk kuwa da cewa shi ne wanda bin irin waɗannan matakai ya fi yi wa wuya. Da aka ɗauko tsarin IAccessible2, daga rubutun da IBM ya bayar na manhajarsa Lotus Symphony, aka gwada shi a 4.2 aka tabbatar da shi a 4.3, sai manhajojin karanta wa makafi rubutu irin NVDA suka riƙa magana da LibreOffice kai tsaye. A wurina wannan kaɗai ya biya wahalar.

Amma a duba da kyau abin da aka yi da mataimakan nan. Python ita ma ba ta tashi sai da nata injin. Bambancin shi ne a Windows da Mac LibreOffice tana zuwa da injin Python a cikin kayanta, ba sai an aike ka nema ba. Mai ƙosai ta yi adashi ta sayi ɗan ƙaramin inji ta kafa a tsakar gida. Ta huta da layi, ta huta da jiran wani ya farka. Sai dai daga ranar, in bel ya tsinke ita za ta saya, in dutsen ya cinye ita za ta nemo mai gyara, man ma daga ribar ƙosai zai fita. Haka masu LibreOffice suka ɗauki nauyin bin kowace sabuwar fitowar Python da toshe ɓarakarta, har da ƙaura daga Python 2 zuwa 3, wadda suka yi tun a 4.0, shekaru kafin a daina kula da tsohuwar a 2020. Dogaro bai ƙare ba. An dai ɗauke shi daga wuyan mai amfani an mayar wuyan masu haɗawa, inda ya fi dacewa ya zauna, tun da su suka san kan abin.

Inda gizo ke saƙar shi ne Base. Sauran sassan da aka sauya ba su riƙe wa kowa komai. Mataimakin wasiƙa in ya gama tsara maka takarda ya tashi daga aiki. HSQLDB kuwa ajiya ake ba shi. Fayil ɗin Base, mai ƙarewa da .odb, ƙunshi ne: in ka kwance shi za ka tarar da fom-fom da tambayoyin da mai shi ya tsara, da kuma bayanan kansu a rubuce cikin sigar da HSQLDB ne kaɗai ya iya karantawa. Tun daga 2005 mutane ke zuba amanarsu a ciki: rajistar ƙungiya, kundin ɗakin karatu, lissafin masu bashi, tarihin marasa lafiya a ƙaramin asibiti. Ba bokitin mai ƙosai kaɗai ke zauren ba ke nan. Bokitan unguwa ne jere a layi, da yawansu ma ita ce ta ce a kai can. Ba ta da bakin cewa daga yau ta daina bin hanyar sai ta tabbatar kowa ya karɓi nasa, ba a zubar ba, ba a musanya ba.

Magajin da aka zaɓa shi ne Firebird, ma'ajin bayanai da aka yi da C++, wanda ya samo asali daga InterBase na kamfanin Borland da aka buɗe rubutunsa a 2000. Wani ɗalibi, Andrzej Hunt, ya fara haɗa shi da Base a 2013, ya shigo 4.2 a matsayin gwaji. A Agustan 2018, da fitowar 6.1, aka ba da sanarwar cewa HSQLDB ya tsufa, aka kawo wani mataimaki mai kwashe bayanai daga tsohon zuwa sabon, aka ƙarfafa wa mutane gwiwar yin ƙaura. A takarda abin ya tsaru.

A aikace sai ƙananan abubuwa suka yi ta tsone ido. Ma'ajiyan biyu duk da yaren SQL ake yi musu magana, amma karin harshensu ya bambanta. Wanda ya rubuta tambaya yana haɗa sunan mutum da na mahaifinsa da umarnin CONCAT, HSQLDB ya gane, Firebird bai san wannan kalma ba, nasa salon daban ne. Lissafin kwanaki tsakanin ranaku biyu kowanne da yadda yake so a rubuta masa. Firebird na 3 ba ya karɓar sunan jadawali ko na shafi da ya wuce haruffa 31, alhali mutane sun yi shekaru suna raɗa wa nasu sunaye masu tsawo yadda suka ga dama. Wasu sun yi ƙaura sun tarar da ranaku ko lambobi sun sauya. Mataimakin yana iya kwashe jadawali da abin da ke ciki, amma ba zai iya shiga kan mutum ya gyara kowace tambaya da ya rubuta da hannunsa shekara goma da suka wuce ba. Kuskure a nan kuwa ba irin na shafin da ya karkace a Writer ba ne, wanda ido zai gani nan take. Lamba ce za ta canza a layi na dubu uku, ba a gane ba sai ranar da aka zo biyan wani haƙƙinsa. Da ƙorafi ya yi yawa, masu aikin suka ja da baya, suka mayar da Firebird na cikin fayil sahun abubuwan gwaji, HSQLDB ya ci gaba da zama.

Wasu sun kira wannan gazawa. Ni ina ganin ja da bayan daidai ne. Wanda aka ba ajiya ba ya gaggawa da kayan mutane don kawai ya ƙosa ya rabu da mai inji. Inda nake da magana shi ne abin da ya biyo baya. HSQLDB ɗin da ke cikin Base na 1.8 ne, na zamanin 2005, alhali masu shi sun fitar da na 2 tun 2010 sun yi gaba. An ƙi ɗaukar sabon saboda ana shirin rabuwa, rabuwar kuma ba ta kammala ba, sai aka bar mutane a tsakiya shekara da shekaru: tsohon an ce ya tsufa, sabon an ce bai nuna ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanonin da ke biyan albashin yawancin masu rubuta LibreOffice, abokan cinikinsu Writer da Calc da buɗe fayilolin Microsoft suka dama, ba Base ba. Masu amfani da Base kuwa galibi ƙananan ƙungiyoyi ne da ɗaiɗaikun mutane marasa kuɗin ɗaukar mai gyara. Har fitowar 24.8 ta Agustan 2024, HSQLDB na cikin fayil, da sashen tsara rahoto wanda aka gina a kan kayan kamfanin Pentaho, da mataimakan ƙirƙirar jadawali da fom a Base, duk suna neman Java.

Akwai kuma maƙwabta da suka saba ba yarinyar nan saƙon nasu bokitin tun da dama can za ta. Shekaru da dama an gaya wa masu rubuta ƙarin kayan aiki cewa su yi da Java, ƙofa a buɗe take, suka kuwa yi. Ɗalibin jami'a mai amfani da Zotero wajen jera madogaran bincikensa a cikin Writer, ta Java abin yake bi. Sashen warware lissafi mai sarƙaƙiya a Calc da mai tura rubutu zuwa shafukan wiki su ma haka. Kamfanoni da hukumomi sun rubuta nasu na cikin gida da ba wanda ya san adadinsu. Shi ya sa manufar da aka bi ba ta toshe ƙofar Java ba ce. A dai kai inda manhajar kanta ba ta buƙatarta, wanda ya kawo nasa kayan mai buƙata ya nemo injinsa. Tun tuni ma masu haɗa LibreOffice daga rubutunta suna da zaɓin haɗa ta ba Java ko kaɗan, in sun yarda su rasa waɗancan sassa.

Wani sauyin kuma sai an yi masa kallon tsanaki. LanguageTool, mai duba nahawu, da can ƙari ne da ke aiki a cikin kwamfutarka ta hanyar Java. Daga fitowar 7.4 ta 2022 ana iya amfani da shi ba Java, amma ta hanyar tura rubutunka ta intanet zuwa wata kwamfuta ta duba ta dawo da shi, sai fa in ka kafa taka uwar garken. Ga mai rubuta talla wannan sauƙi ne. Ga lauya ko likita, ko wanda intanet ɗinsa ke zuwa tana ɗaukewa, ana iya cewa an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ba a kunna shi sai mutum ya kunna da kansa, kuma haka ya kamata.

Saboda haka, mai karatu, in aikinka bai wuce Writer da Calc da Impress ba, kada ka wahalar da kanka da girka Java. Kusan duk abin da kake yi ba ya nemanta, kuma in wani abu ya nema zai faɗa maka da kansa. In kuwa kana da fayil na Base da ka damu da shi, buɗe shi ka dubi layin da ke can ƙasan tagar, a nan ake rubuta ko HSQLDB ne ko Firebird ke riƙe da bayananka. In HSQLDB ne, kada ka cire Java daga kwamfutar, kuma in za ka sabunta ta nemi ɗaya daga cikin na OpenJDK wadda ta dace da tsarin LibreOffice ɗinka. Kafin ka amsa wa duk wani akwati da ya tambaye ka ko a mayar da bayananka Firebird, rufe fayil ɗin ka kwafe shi zuwa wani wuri, ka yi gwajin a kan kwafin, sannan ka bi tambayoyinka da rahotanninka ɗaya bayan ɗaya kana gwada sakamakonsu da na asalin.